Yadda Wana Ya Koma Ƙanena

Wana ne ya goye ni. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni makarantar allo, shi ya fara zane ni ranar da na bar akuyar Inna ta shiga gonar mutane. Inna ba ta san kalanda ba, amma lissafinta ba ya kuskure: ta haife shi shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, ni kuwa shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wato 1972. Kwanan baya wata hidima ta sa takardunsa na aiki suka shigo hannuna, sai na tarar an haife shi a 1975. Ashe ni ne babba, har na ba shi shekara 3! Na ce, "Yaya, yaushe aka sake haihuwarka ba mu ci suna ba?" Ya yi dariya ya ce, "A kotu. Kai ma in kana da wayo ka je a sake taka."

To, jama'a, a kan wannan wayon nake so mu yi magana, domin na gaji da jin ana cewa mu Hausawa mutane ne masu girmama furfura. Da baki kam muna yi. Muna durƙusa wa dattijo, muna cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma je ka shagon aski ranar Juma'a da safe ka ƙirga dattawan da suka miƙa gemu ana shafa masa dayis, sa'an nan ka leƙa harabar kotu ka ga layin masu rantsuwa da Allah a kan ranar haihuwar da su da kansu suka zaɓa a hanya. Abin da mutum yake girmamawa ba ya rina shi, ba ya kuma biyan kuɗi a kankare masa shi daga takarda.

In ka tambayi malami wane shekaru ne suka fi, zai ce maka 40, lokacin cikar hankali da ƙarfi, kuma a nan ne aka fara yi wa Manzon Allah (SAW) wahayi. In ka tambayi saurayi zai ce ƙuruciya. Duk zancen zaure ne. A Nijeriya shekaru biyu kaɗai ake so, 29 da 59, kuma duk wanda ya kai ɗayansu sai ya shimfiɗa tabarma ya zauna, ba ya gaba.

Dalilin 29 a fili yake. Wanda ya gama jami'a ya haura 30 ba a tura shi bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Wasu bankuna da kamfanoni kuma sukan rubuta a tallar neman ma'aikata cewa kada mai nema ya wuce 26 ko 27. Alhali kuwa yaron nan ya sha zaman gida yana jiran gurbin karatu, malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata 9 a 2020, suka sake yin na wata 8 a 2022. Mun tsufar da shi a bakin ƙofa, sa'an nan muka ce ya yi tsufa da shiga. Wannan yaro ina tausaya masa, ko da yake ban ce ya yi daidai ba.

Mutumin 59 shi ne abokin faɗana. Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci ya ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wana ya shiga aiki a makare, don haka shekarun haihuwa ne za su fitar da shi a 2026. Da alƙalami ɗaya ya tura ranar zuwa 2035. Na san abin da za a ce mini: ai tsoron fansho ne. Na yarda akwai abin tsoro. Kowa ya ga tsofaffin malaman firamare da masinjoji a layin tantancewa, cikin rana, riƙe da fayil a leda, suna bin haƙƙin da suka yi shekaru suna jira. Amma a gaya mini gaskiya, masinja ne ya fi rage shekaru ko darakta? Wanda ya gina gidaje uku, yana da direba da ɗan aike, ba yunwa yake gudu ba. Gudu yake kada wayarsa ta daina ƙara, kada ranar sallah ƙofar gidansa ta zama wayam. Kuma shekara 9 ɗin nan da wana ya ƙara wa kansa ba daga sama suka faɗo ba. Daga hannun na ƙasa da shi ya karɓe su, wanda ƙarin girmansa ya tsaya, da kuma ɗan cikinsa mai digiri da ke zaune a majalisar shayi yana jiran a sami gurbi.

Abin haushi, waɗannan masu zama daram a kujera su ne ke kiran ɗan shekara 35 "yaro", suna ce masa ya yi haƙuri, shi manyan gobe ne. Yakubu Gowon yana da shekara 31 ya zama shugaban ƙasa a 1966. Murtala yana da 36 ya hau a 1975. Malam Aminu Kano yana ɗan shekara 30 aka kafa NEPU a 1950, Abubakar Imam kuwa bai kai 25 ba ya rubuta Ruwan Bagaja. Da an ce wa waɗannan su jira gobe, da ina muke? A 2018 marigayi Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. An yi tafi. Sai dai ba a rage kuɗin fom ba.

Kada kuma samari su ɗauka goyon bayansu na zo yi. Manjo Nzeogwu yana da shekara 28 ya kai hari gidan Sardauna a Kaduna, kuma yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 a hannun matasan hafsoshi ya ɓarke. Ƙuruciya ba takardar shaidar kirki ba ce, kamar yadda furfura ba ta zama hankali don ta fito fari. Mai ihun "tsofaffi su kauce" yau, shi ne gobe zai sayi dayis.

Abin da muka yi asara shi ne matsayin da dattijo yake komawa bayan ya sauka. A dā mutum in ƙarfi ya ja baya yakan miƙa wa ɗansa gandu, ya koma zaure, a kawo masa rikicin aure da na iyakar gona, maganarsa ta kashe wuta. Tsufa aiki ne mai zaman kansa. Yanzu wa zai kai ƙara gaban dattijon da unguwa duka ta san ya dafa Alƙur'ani ya yi ƙarya a kan ranar da uwarsa ta haife shi? Da wane baki zai hana jikansa satar amsa a jarrabawa? Ko a fagen ƙwallo abin ya bi mu, har FIFA ta dakatar da ƙungiyoyin matasanmu a 1989 saboda saɓanin shekarun 'yan wasa, kuma tun 2009 sai an ɗauki hoton ƙashin wuyan hannun yara kafin gasar 'yan ƙasa da shekara 17, don takarda ta daina zama abin yarda.

Ɗan wan nawa ya cika 31. Watan jiya ya zo ya ce, "Baba, don Allah raka ni kotu ka tsaya mini shaida." Na ƙi, ya tafi da wani. Da na kai wa Inna labarin duka, sai ta yi shiru, can ta ce ita dai ta san shekarar Sardauna ta yi naƙudarsa, in kuwa akwai wata matar da ta haife shi a zamanin Murtala, a kawo mata ita su gaisa.