Wa ya sa hannu a littafin injin?

Ranar 15 ga Disamba 1995 wani ƙaramin jirgin sama ya tashi daga duwatsun Abzin ɗauke da Mano Dayak, ɗaya daga cikin shugabannin tawaye, zai kai shi Yamai domin tattaunawa da gwamnati. Jim kaɗan da tashinsa ya faɗo. Babu wanda ya tsira, har da ɗan jaridar Faransa Hubert Lassier. Daga bisani aka laƙaba wa filin jirgin Agadas sunan marigayin. Tun daga wannan rana, a rumfunan kasuwa da ofisoshin gwamnati, tambaya guda ake yi: wa ya kashe shi?

Ba mu hana kowa wannan tambaya ba. Abin da muke ƙi shi ne yadda ta haɗiye ƴar'uwarta, wadda ta shafi duk mai shiga ƙaramin jirgi a ƙasar nan: wa ya duba injin, yaushe, kuma wa ya sa hannu? Ɗan siyasa ya fi son zancen makirci, domin yana tara masa jama'a. Mai jirgi kuwa ya fi son a ce ƙaddara, domin ƙaddara ba ta zuwa gaban alƙali.

Ma'aikatan SONICHAR a Anu Araren, masu ƙona gawayin ƙasa su ba Agadas da Arlit wuta, ba su bukatar a koya musu wannan. In tukunyar tururi ta tsaya, ba malamin duba ake kira ba, littafin gyara ake buɗewa. To, me ya sa hankalin nan yake ƙaura da zarar an ce jirgi?

Injin ƙaramin jirgi da iska yake numfashi. Wanda ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300, zafin rana kuma ya ƙara tsinka iskar. A fili mai tudu, da rana tsaka, da kaya fiye da kima, lafiyayyen inji ma da kyar yake ɗaga jirgi. Ina ga wanda rairayi ya toshe masa matatar iska? A daji daga tano ake ɗura mai, tano kuwa yana tara ruwa a gindinsa. Shi ya sa aka wajabta wa matuƙi ya tatsi man tanki ya duba kafin ya tashi. Kananzir ɗin manyan jirage in ya shiga injin fistan bisa kuskure, yakan bar jirgi ya tashi, sannan injin ya mutu a sama. Ga kuma ƙusar da aka manta ba a ɗaure ba bayan gyara. Direban babbar mota a hanyar Tawa zuwa Arlit ya san irin waɗannan duka, sai dai shi yana da gefen hanya.

Ƴan kasuwa kuma ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran da ake sayowa daga waje suka ninka kuɗi. Mai jirgin da ribarsa ta ragu, wa ke tsaye a kansa ya hana shi jinkirta dubawar awa 100?

Kada a ce mana hamada tana shanye shaida. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin UTA ya tarwatse a Tenere da mutum 170. An bi rairayi an tsince ɓaraguzansa, an harhaɗa, an tabbatar bam ne. Da aka so sani, an sani. Ƙa'idar ƙungiyar jiragen sama ta duniya ta ɗora binciken haɗari a kan ƙasar da ya auku a cikinta, ta kuma nemi a bayyana rahoton ga jama'a, ba don hukunci ba, don kada a maimaita. A Yamai muke da makarantar EAMAC mai horar da ma'aikatan jiragen sama na ƙasashen Afirka da dama. Rashin gwanaye ba hujja ba ce.

Saboda haka muna kira ga hukumar ANAC: kowane ƙaramin jirgi da ya faɗi ko ya yi saukar dole, a buga rahotonsa da Faransanci da harsunan ƙasa, a faɗi awowin injin da ranar gyaransa na ƙarshe. Ma'aikacin gwamnati da ke sa hannu a takardar hayar jirgi kuma, ya nemi ganin littafin injin kafin ya saki kuɗin baitulmali.