Daga Bakin Allo: Ƙaton Inji a Tsohuwar Mota

A wannan watan na ajiye maganar makaranta, zan taɓa maganar mota, saboda abin da ya sami wani ɗan'uwana da ke jigilar doya daga ƙauyukan Salaga.

Motarsa tsohuwar Land Rover 109 ce, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1971 da 1985. Injinta na gas ne, lita biyu da kwata, ƙarfinsa bai wuce na doki 62 ba. In ta ɗauki kaya ta zo hawan tudu, yaro a kan keke ma yana iya wuce ta. Da abin ya ishe shi sai ya sayar da shanu biyu, ya sauko Kumasi ya sayi injin Toyota 1HZ, mai silinda shida, lita 4.2, ƙarfin doki kamar 130. A lissafinsa, ninki biyu na ƙarfi shi ne ninki biyu na riba. Na shekara ashirin ina koyar da lissafi, ban taɓa ganin wanda ya ɓace kamar wannan ba.

Matsala ta fari wurin zama. Silinda shida ta fi huɗu tsawo, don haka sai da aka tura lagireto gaba, aka yanke ƙafafun inji na asali, mai walda ya dasa sababbi a jikin shasi. Bakin injin kuma bai dace da na giyabos ba, sai da aka sassaƙa faranti na musamman aka haɗa su. Aikin da aka ce na mako biyu ne ya ci wata uku, kakar doya kuwa ba ta jiran kowa.

Da motar ta fito sai zafi ya biyo baya. Babban inji ya fi fitar da zafi, tsohon lagireton kuwa an yi shi ne daidai da ƙaramin. Kafin su kai Kintampo ruwa ya tafasa sau biyu. Gudun da ya yi tsammani ma bai samu ba, don haƙoran aksul na wannan motar an tsara su ne don ja. Sai inji ya wagaga yawu, ya fuskanci kansa da ƙara, yana shan gas, mota tana tafiyar da ta saba.

Abu mafi muni ya zo da damina. Mota ta kafe a laka da cikakken kaya, direba ya taka wuta, sandar ƙafar baya ta karye kamar rake. Da can injin mutuwa yake yi kafin ƙarfe ya ji jiki. Yanzu injin ya fi ƙarfin ƙarfen, dole mai rauni ya ba da kai. Kwana uku doya tana kwance a daji. Bayan wata biyu giyabos ya bi sahu.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne birki. Ƙafafu huɗun duka birkin ganga ne irin na da. An ƙara wa gaban mota nauyi, mai ita ya ƙara lodi tun da ya ga tana ja, amma abin da zai tsayar da ita bai canja ba. A kan wannan lodin kuwa mata da yara suke zama ranar kasuwa. Asarar doya ana mayarwa, rai fa?

Ban ce kada a canja inji ba. A Suame Magazine akwai gwanayen da suka raya motocin da ƙasarsu ta haihuwa ta daɗe da mantawa da su. Amma gwanin gaske zai faɗa maka cewa kuɗin inji somin taɓi ne. Tambaye shi lagireto, kuloci, giyabos, aksul, sifirin da birki, ya rubuta maka kuɗin kowanne kafin a kwance ƙusa ɗaya. In jimlar ta kusa kuɗin wata motar da aka ƙera da babban injinta, to ka ga amsa. Sau da yawa gyara injin asali, ko sa wanda ya ɗara shi kaɗan, ya fi alheri.

Kada a manta da takardu. Lambar inji tana cikin takardun mota, saboda haka a sanar da DVLA da kamfanin inshora. In ba haka ba, ranar da tsautsayi ya faɗa, kai kaɗai za ka ɗauki nauyi.

Ɗan'uwan nawa dai ya mai da ƙaramin inji, ya sayar da babban da faɗuwa. Da na je yi masa jaje sai ya ce, “Malam, kwaɗayi mabuɗin wahala.” Shi ne ma ya ce in rubuta, ko wani ya tsira da shanunsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.