Wa Ke Yanke Wa Wayoyinmu Kwana?



Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san irin kayan da akan fito da su a yi musu kima. Akan fito da keken ɗinki Singer wanda marigayi ya saya tun ba a haifi babban ɗansa ba, ga shi nan yana ɗinki. Akan fito da keke Raleigh, da agogon bango, da rediyon da ta sha zuwa wurin mai gyara tana dawowa da murya. To, amma a 'yan shekarun nan akan buɗe akwati a tarar da wayoyi uku ko huɗu a mace, da kwamfutar cinya wadda ba ta tashi, magada su yi ta jujjuya su, su rasa kimar da za su sa musu. Alhali kuwa kowace ɗaya, ranar da aka saye ta, ta ci albashin wata ko fiye.

Wani sashe na wannan mutuwa ba laifin kowa ba ne. Batirin waya yana da iyakar cajin da zai ɗauka, bayan 'yan ɗaruruwa sai ƙarfinsa ya soma ja da baya. Amma fa a zamanin tsohuwar Nokia, da farce mutum ke ɓalle murfi ya sake batir yana tsaye a bakin kasuwa. Yau an liƙe batir da gam a ƙarƙashin gilashi, sai an gasa wayar kafin ta buɗu, gilashin kuma yana iya fashewa wajen buɗewa. A kwamfutoci da yawa an narke ƙwaƙwalwar a jikin allon injin da dalma, ba a ƙara ta, ba a cire ta. Wasu kamfanoni har lamba suke ɗaura wa kowane sashe, yadda in an sa wani ba ta hannunsu ba, wayar ta dinga ƙorafi. Watau ciwon da kuɗi kaɗan zai warkar an mai da shi ciwon ajali.

Kada a ce zato muke yi. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, cikinsu har da Osram da Philips, suka haɗu a Janiba suka ƙulla cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, suka kuma sa tara ga wanda nasa ya zarce. A Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyin iPhone waɗanda batirinsu ya gaji. Ya ce ya yi ne don kada su dinga mutuwa ba zato, kuma mai yiwuwa haka ne. Duk da haka a Fabrairun 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25. A lura da laifin da aka kama shi da shi: bai gaya wa masu wayoyin ba. Mutum ya ga wayarsa ta yi nauyi, ya zaci tsufa ne ya sayi sabuwa, alhali sabon batir kawai take bukata. Ɓoyewar ita ce laifin, kuma nan ne maganar ta shigo filinmu.

Malaman Malikiyya sun tsaya a kan cewa mai sayarwa ya wajaba ya bayyana aibin da ya sani a hajarsa, kuma aibi shi ne duk abin da bisa al'ada yake rage wa kaya daraja ko amfani. In ya ɓoye, mai saye yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Sun yi wannan bayani a kan dabba da tufa da gida, amma hukuncin bai tsaya can ba. Mu je Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, inda kwancen Turai da Amurka ke sauka kwali-kwali. Wayar da aka sake wa gilashi da wanda ba na asali ba, wadda ta taɓa faɗawa ruwa aka busar, wadda batirinta ya kai gargara aka goge jikinta tana ƙyalli: in mai shago ya san haka ya yi shiru, ko ya ce "ai ga ta nan, ka duba da kanka," bai fita ba. Me baƙauye ko malamin makaranta zai gani a wayar da ba ta buɗuwa?

Akwai kuma wani aibi sabo wanda ido ba ya gani ko an buɗe. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi wa Windows 10 bisa al'ada, Windows 11 kuwa ba ta yarda da yawancin injunan da aka ƙera kafin wajen 2018. Ofisoshin ƙasashen waje da suka sauke irin waɗannan kwamfutoci, ina ake tsammani suka nufa? Ba mu ce sun mutu ba. Da yawansu ƙarfafa ne, sun ma fi na yanzu sauƙin gyara, kuma in aka sa musu manhajar Linux, wadda kyauta ce, za su yi shekaru suna aiki. Amma a ganinmu ƙarewar kulawa aibi ne da ke rage farashi, don haka ya wajaba a faɗa wa mai saye, balle ɗan kasuwar da zai ɗora asusun bankinsa a kai.

Turawa dai sun gyara wa kansu da doka. Faransa ta mai da gajarta wa kaya rai da gangan laifi tun 2015, a Janairun 2021 kuma ta sa a manna wa waya da kwamfuta maki daga cikin 10 mai nuna sauƙin gyaransu. Daga 20 ga Yunin 2025 sabuwar wayar da za ta shiga kasuwar Tarayyar Turai sai batirinta ya jure caji 800 bai sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 ba, sai an samar da kayan gyaranta shekara 7 bayan an daina sayar da ita, da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5. Wannan doka ba ta biyo kwali zuwa Apapa. Abin da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa a nan, amana ce kawai.

Mai gyara shi ma yana da nasa kason. Muna yaba wa samarin nan da ke zaune da ƙarfen narka dalma da gilashin ƙara girma, suna ta da wayar da kamfaninta ya yi wa jana'iza. Da ba don su ba, da talaka bai riƙe waya ba. Sai dai su sani Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka ba shi ya kaɗaita da shi, ko da lada ya yi aikin ko ba lada, kuma malamai sun ce ba ya kuɓuta sai da shaidar cewa kayan ya halaka ba da sakacinsa ba. Ashe "ai dama a mace ta zo" ba ta isa hujja ba. Cire batir na asali a maye da na banza kuwa, wannan ya wuce sakaci, cin amana ne. Haka leƙa hotunan iyalin mutum da saƙonninsa don ya ba da lambar buɗewa.

Ga 'yan'uwa ma'aikatan gwamnati, mun taɓa shiga sito a wani ofis muka tarar da kwamfutoci jibge har rabin bango, ƙura ta rufe su. Da muka tambaya, aka ce wasu batir suke so, wasu ma'ajiyar bayanai, wasu caja kawai. An rubuta takardar gyara ta kwanta, an rubuta ta sayen sababbi ta fito cikin mako biyu. Kowa ya san dalili. Dukiyar baitulmali ce, kuma wanda ya sa hannu za a tambaye shi. Ƙarshen irin wannan jibgi shi ne hannun 'yan jari-bola, su ƙona wayoyin ciki don jan ƙarfe, yara na shaƙar hayaƙin. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai rubu'i ba.

Wanda zai sayi waya ko kwamfuta, na kansa ko na ofis, kafin ya tambayi kyan hoto ya fara zuwa rumfar mai gyara ya tambaye shi: wannan samfurin, ana samun batirinsa da gilashinsa a garin nan, kuma nawa? Sa'an nan ya sa mai shago ya rubuta a rasit abin da aka taɓa sakewa a jikinta, da kwanakin da ya yarda a mayar in aibi ya fito. In ya ƙi rubutawa, akwai shago na gaba.