Gilashi Mai Faɗin Gani da Amanar Mai Nazari a Zamfara

Ɗalibin al'ada da ya shiga zauren wani dattijo ko rumfar maƙeri a Gusau domin ɗaukar hoto yakan ci karo da matsaloli biyu: ƙuncin wuri da ƙarancin haske. Gilashin da ake haɗawa da kyamara marar madubi yawanci ƙofar haskensa ba ta wuce f/3.5, don haka hoton kan fito dishi-dishi, ko a kunna fitila ta kashe wa mutane ido.

Gilasai masu araha na kamfanoni irin su Samyang na Koriya ta Kudu da 7Artisans da TTArtisan na ƙasar Sin sun rage wannan wahala. Samfurin Samyang mai milimita 12 da ƙofar haske f/2, wanda ya fito a 2014, yana shigar da haske kusan ninki uku na wancan, yana kuma kama faɗin da ya kusa digiri 100. Da shi za a haɗa maƙeri da zugazuginsa da uwar maƙera da yaran da ke koyo a hoto guda. Wannan ita ce ribarsa ga nazari, domin sana'a ba ta fahimtuwa idan an raba ta da muhallinta. Haka nan dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu da duwatsun Tsafe sukan fito tare da gidaje da gonakin da ke gindinsu.

Araha kuwa ba ta rasa nakasu. Da hannu ake saita shi, fuskar da ta faɗo gefen hoto takan miƙe, kusurwoyi sukan yi duhu idan an buɗe ƙofar gaba ɗaya. Sauya gilashi a lokacin hunturu yakan sa ƙura ta sauka a cikin kyamarar, tunda babu madubin da zai tare ta. Haƙuri da sabo suna maganin waɗannan.

Abin da sabo ba ya magancewa shi ne batun amana. Gilashi mai faɗin gani yana kwaso abin da ba a nema ba: matar da ke wucewa da tallarta, ƙofar gida, garken shanu, hanyar shiga gari. A yankin da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, hoton da ya nuna dukiyar mutum da inda take yana iya jawo masa bala'i da zarar ya hau intanet.

Saboda haka ya dace sassan koyar da Hausa, har da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, su ƙarfafa wa ɗalibai gwiwar amfani da irin wannan gilashi, tare da gindaya sharuɗɗa: a nemi izinin duk wanda ya fito a hoto, a duba gefe-gefensa kafin a wallafa, a goge bayanan wuri da na'ura ke liƙawa. Hoton da zai tona asirin mai gida, gara ya tsaya a ma'ajiyar sashe.