RA'AYINMU: Inda Babu Gwaji, Baƙo Ke Shan Zargi



Duk wanda ya yi azumin shekarar 2020 a garin nan na Maiduguri ba zai manta da shi ba. An kafa dokar hana fita, an rufe kasuwanni, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Mu mazauna GRA da kewayenta, ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobi da masu gadi da teloli, mun ga wani abu bayan yunwa da tsoro. Mun ga yadda duk wanda aka ce ya dawo daga Kano ake ja da baya daga gare shi, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. Ba mu kawo wannan magana don tayar da tsohon miki ba. Mun kawo ta ne domin abin da ya jawo wancan zargi har yanzu ba a magance shi ba, wato rashin hanyar da talaka zai san cikin gaggawa ko yana ɗauke da cuta ko ba ya ɗauke da ita.

Mu tuna yadda abin ya faro. A ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai cutar Korona a Nijeriya, a Legas. A lokacin, ɗakunan gwaji biyar kacal ke iya gano cutar a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, kuma in ban da na Abuja babu ko ɗaya a Arewa. Gwajin da ake yi, mai suna PCR, yana buƙatar na'ura mai tsada da wutar lantarki da ƙwararru, sakamako kuma ya kan ɗauki kwanaki. Da aka ba ɗakunan gwaji masu zaman kansu izinin yin sa a Legas, kuɗinsa ya kai Naira 50,400, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin Naira 30,000 ne.

A nan Borno, mutum na farko da aka tabbatar yana da cutar ma'aikacin jinya ne da ke aikin agaji a Pulka, cikin Ƙaramar Hukumar Gwoza. Ya rasu a Maiduguri ranar 18 ga Afrilu, 2020, kuma sai bayan rasuwarsa aka san abin da ya yi ajalinsa. Allah ya jiƙansa. Abin lura shi ne, bawan Allan nan bai yi wata tafiya wajen jihar ba. Ashe cutar ta riga ta shigo cikinmu, mu kuwa muna ta hararar masu sauka a Tashar Kano.

A Kano ɗin ma, cikin wannan watan aka yi ta mace-mace, masu haƙa kabari suka rasa hutu, ɗakin gwaji ɗaya tilo da jihar ke da shi kuma ya tsaya na wasu kwanaki. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce daga cikin mutum 979 da aka bincika mutuwarsu, rabi ko fiye da haka mai yiwuwa Korona ce sanadi. An ce mai yiwuwa ne saboda an binne su ba a gwada su ba. A cikin wannan duhu ne gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a manyan motoci ana mai da su jihohinsu na asali, da suka isa kuma aka tarar gommai daga cikinsu na ɗauke da cutar, kamar yadda ya faru a Kaduna. Da an gwada yaran nan tun kafin a ɗora su a mota, da an ware marasa lafiya an yi musu magani, ba a cakuɗa su da masu lafiya an bazu da su gari-gari ba.

To, mene ne gwajin gaggawa? Kusan kowa ya san na zazzaɓin cizon sauro, wanda ake yi a kemis da ɗigon jini. Na Korona ɗan uwansa ne, sai dai shi da ɗan tsinke mai auduga ake lakato majina daga hanci, a tsoma cikin wani ruwa, a ɗiga a kan ɗan allon roba. Cikin minti 15 zuwa 30 sakamako ya fito: layi ɗaya babu cuta, layi biyu akwai. Ba ya buƙatar lantarki, kuma wanda bai gama ajin yaƙi da jahilci ba ma zai iya karanta shi. Gaskiya ne bai kai PCR kaifi ba, yana iya kuskure wanda ƙwayar cutar ba ta yi yawa a jikinsa ba. Amma ya fi kama mutum a kwanakin farko na rashin lafiya, lokacin da ya fi harbin na kusa da shi, kuma nan ne amfaninsa yake.

A ranar 28 ga Satumba, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da yarjejeniyar samar wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin wannan gwaji guda miliyan 120, kowanne a kan kuɗin da bai wuce Dala 5 ba, daga kamfanonin Abbott da SD Biosensor. An yi murna, amma miliyan 120 ko mutanen Nijeriya kaɗai ba za su zagaya ba. Daga watan Afrilun 2021, gwamnatin Ingila ta ba kowa damar gwaji sau biyu a mako kyauta, Amurka kuma ta fara aika wa gidaje ta gidan waya a farkon 2022. A nahiyarmu kuwa, cikin Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane mutum bakwai da suka kamu, shida ba a taɓa gano su ba.

An ɗage dokar ta-ɓaci ta duniya kan Korona a watan Mayun 2023, sai dai masana sun sha faɗin cewa wata annobar numfashi za ta sake zuwa. A watan Mayun 2025 ƙasashen duniya sun amince da wata yarjejeniya kan annoba, wadda ta tanadi cewa kamfanonin da suka shiga tsarin za su ware kashi 20 cikin ɗari na rigakafi da magani da kayan gwajin da suke yi domin a raba bisa buƙata. Wannan mataki ne mai kyau, amma alkawari a Janeba ba shi ne kaya a kantin asibitin unguwa ba. Ƙasar Senegal ta nuna hanya tun 2020, da ta buɗe masana'antar haɗa gwajin gaggawa a Cibiyar Pasteur da ke Dakar. Ba mu ga dalilin da zai hana Nijeriya yin haka ba.

Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali. Wasunmu a Hausari aka yanke musu cibiya, iyayensu na kwance a maƙabartar Gwange. Amma mun koyi cewa ranar da tsoro ya shigo gari, takarda ba ta kare mutum kamar yadda sakamakon gwaji ke kare shi.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da hukumar NCDC da su yi tanadin kayan gwajin gaggawa tun yanzu, su kuma tallafa a riƙa haɗa su a cikin gida. Muna roƙon Gwamnatin Jihar Borno, in buƙata ta taso, ta kai gwajin ƙananan asibitoci da tashoshin mota da Kasuwar Monday da tsangayu, kyauta, ba tare da an tambayi kowa takardar shaidar asali ba. Sannan kada a sake kwashe yaro ko babba daga gari da sunan annoba ba a gwada shi ba.

Mu ma da namu laifin. Da yawanmu sun ce cutar ƙarya ce, wasu sun ɓoye marasa lafiya a ɗaki don gudun a killace su. In an kawo gwaji muka gudu, mun ba masu zargi hujja da hannunmu. Muna roƙon limamai da masu unguwa da iyaye mata su riƙa tuna wa jama'a cewa rigakafi ya fi magani, kuma sanin cuta shi ne farkon maganinta.

Allah ya kare mu da masu masaukinmu baki ɗaya, ya zaunar da Jihar Borno lafiya, amin.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya