Zare: Dandalin intanet shagon haya ne, ka riƙe kayanka a hannunka

1/ Jiya wani ƙanina ya nuna min shafin da ya gina da wayarsa, yana ta murna. Na ce masa ina kod ɗin yake? Ya ce "Yaya ai yana can a dandalin." Na ce bayan can fa? Ya yi shiru. Shi ya sa na ce bari in yi wannan zaren. Ku biyo ni, yana da ɗan tsawo. 🧵

2/ Tun farko in faɗa: ni masoyin waɗannan dandalan ne. Replit, GitHub Codespaces da ire-irensu. Ka buɗe burauza, su ba ka kwamfuta a can wajensu, ka rubuta kod, ka danna, shafinka ya hau intanet. Ga yaron Tudun Wada da ba shi da kuɗin laftof mai ƙarfi, wannan rahama ce.

3/ Codespaces kaɗai yana ba kowane asusu na kyauta kusan awa 60 a wata a kan ƙaramar na'urarsu. Tsohuwar kwamfutar da ko bidiyo ba ta iya ɗauka ta ishe ka, tunda nauyin aikin a can ake yi. In an ɗauke wuta kana tsaka da aiki, abin da ka rubuta yana nan. Haka na koya nima.

4/ Amma abin da ake kira "gajimare" kwamfutar wani ce kawai, a ƙasar wani, da dokokin wani. Shagon haya ne. Kuma duk wanda ya taɓa kama shago a kasuwar Tudun Wada ko Sabon Gari ya san mai shago yana iya ƙara kuɗi, yana iya cewa zai yi gyara, yana iya sayarwa.

5/ Ni a jikina na gani. Gwaggona uwar adashi ce, mata 'yan kasuwa kusan arba'in ke zubi a wajenta. Na gina mata ƴar manhaja: wa ta zuba, wa ke da kwasa, saura nawa. Na ɗora a wani dandali na kyauta. Ba zan kama suna ba, don laifin nawa ne.

6/ Sun turo saƙon imel cewa tsarin kyauta zai canza, kowa ya kwashe kayansa. Ban duba ba, imel ɗin da na buɗe asusun da shi na daina shiga. Rannan da safe Gwaggo ta kira: "Kai ɗan nan, abin naka ya ƙi buɗewa, ga Hajiya ta zo kwasa." Na duba. Ba shafi, ba rumbun bayanai.

7/ Lissafin zubin wata bakwai. Kuɗin mutane. Wallahi zufa ta karyo min. Na je gidan ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri a raina, sai na tarar ta ɗauko littafinta mai bangon kwali tana kirga wa Hajiya kuɗi. Ashe duk dare sai ta kwafe abin da ke wayar a littafi.

8/ Na ce "Gwaggo, ashe ba ki yarda da aikina ba?" Ta ce "Na yarda da kai. Wanda ka ba ajiyar ne ban sani ba." Matar da ba ta san mene ne saba ba ta fi ni fahimtar harkar. Littafinta ya ceci amanar mutane, ni kuwa kod ɗin ma sai daga farko na sake rubutawa.

9/ Kar ku ce tsautsayina ne ni kaɗai. Heroku ya yi shekaru yana ba masu koyo masauki kyauta, ranar 28 ga Nuwamba 2022 ya rufe tsarin kyautar. Glitch, wanda aka gina shi musamman don masu koyo su kwafi aikin juna su gyara, ya daina ɗaukar manhajoji ranar 8 ga Yuli 2025.

10/ Ba zaginsu nake ba. Kamfanoni ne, saba tana cin wuta da kuɗi, ba wanda ya yi mana alkawarin har abada. Sai dai wanda ke Amurka in an ce biya dala 5 ko 7 a wata, kati zai zaro. Mu nan akwai lokacin da katin naira ya daina biyan komai a waje gaba ɗaya. Kun tuna.

11/ Ga kuma matsalar da ta fi kusa da gida. Ƙarshen Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna kusan wata biyu saboda tsaro. Twitter ma an dakatar da shi a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. In duk aikinka a sama yake, ranar da ba netwok ba ka da aiki.

12/ To ina mafita? A nan buɗaɗɗen kod ya shigo. Ma'anarsa: ka saki rubutun manhajarka a fili, da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya yi amfani, ya raba. Linux da ke cikin kowace wayar Android haka yake tun da Linus Torvalds ya fara shi a 1991.

13/ Misali ɗaya da nake so. Facebook ya sayi Parse a 2013, dandalin da dubban manhajojin waya suka dogara da shi. Janairu 2016 ya ce zai rufe, bayan shekara ɗaya ya rufe. Amma ya saki kod ɗin a buɗe, sai mutane suka ɗora a sabar kansu. Har yau Parse Server yana raye a hannun 'yan sa-kai.

14/ Darasin: in kayan da ka yi gini da su buɗaɗɗu ne, ko an kore ka daga shago za ka kwashe ka koma wani. Node, Python, Django, Laravel, PostgreSQL, duk suna aiki a ko'ina. In kuwa ka jingina komai da wani abu da dandali ɗaya ne kawai ke da shi, ƙaura ta zama sabon gini.

15/ Abin da nake yi yanzu, kuma kyauta ne: kowane aiki yana cikin git tun ranar farko. Git, shi ma Torvalds ya rubuta a 2005, duk wanda ya kwafo aiki da shi ya kwafo har tarihinsa gaba ɗaya. Ɗaya a GitHub ko GitLab ko Codeberg, ɗaya a kwamfutata, ɗaya a filas. Bayanan rumbu kuma ina saukewa duk Juma'a.

16/ Na san abin da wasu za su ce a ƙasan zaren nan: "In na buɗe za a sace min." Ɗan'uwa, manhajar lissafin sakamakon ɗalibai da kake ɓoyewa, akwai irinta ɗari a GitHub. Abin da babu a can shi ne wanda ya san yadda makarantar unguwarku ke aiki, kuma za a kira shi ya zo in ta lalace.

17/ "To me zan ci?" Tambaya ce mai kyau, ban raina ta ba. WordPress buɗaɗɗe ne, kowa na saukewa kyauta, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kansa suke. Masu cin abinci da shi ba sa ƙirguwa: ɗorawa, gyarawa, kulawa, koyarwa. Aikin hannu ake biya.

18/ Ban kuma ce ka buɗe komai ba. In mutum ya biya ka ka gina masa, nasa ne, sai da izininsa. Sannan kod daban, bayanan mutane daban. Sunayen matan adashi, lambobinsu, kalmomin sirri, makullan biyan kuɗi, ba sa hawa fili. Amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanai a ƙasar nan.

19/ Abin da ya fi damuna: duk shekara ɗalibai a Zariya suna rubuta manhajoji a matsayin aikin kammala karatu. Muna da ABU tun 1962, ga Nuhu Bamalli, ga sauran manyan makarantu. Mu da kanmu muke buga aikin, mu yi masa bango, mu miƙa, laftof ta lalace, shi ke nan. Na baya ya zo ya sake daga sifiri.

20/ Da kowa zai ɗora nasa a fili da lasisin MIT ko GPL da ɗan bayanin yadda ake kunna shi, na baya zai ɗora daga inda na gaba ya tsaya. Kuma ranar neman aiki, mai ɗauka daga Legas ko Jamus ba ya ganin bangon kundinka. Mahaɗin aikinka zai danna.

21/ Ba sai mun duba Turai ba. Segun Adebayo ɗan Najeriya ne, ya saki Chakra UI a buɗe, masu gina shafuka a faɗin duniya suna amfani da shi. Ushahidi a Kenya aka fara shi a 2008. Akwai Open Source Community Africa da ta yi babban taronta na farko a Legas a 2020.

22/ Kuma akwai aikin da in ba mu yi ba, ba mai yi mana. Rubuta "kasa" a akwatin bincike ka gani ko zai kawo maka "ƙasa". Haruffan ɓ, ɗ, ƙ har yanzu suna ba manhajoji da yawa wahala. Ɗan ƙaramin kod da zai gyara wannan, in ka saki, duk mai gina shafin Hausa zai yi maka addu'a.

23/ Ko ba ka iya kod ba akwai wurinka. Common Voice na Mozilla yana karɓar muryar Hausa, da wayarka za ka karanta jimloli. Wikipedia ta Hausa tana neman marubuta. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Saka Hausa inda kowa zai same ta ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

24/ Ƙanin nawa mun zauna daren jiya. Minti ashirin ya ɗauke mu ya tura aikinsa GitHub, ya sa lasisi, ya sauke kwafi a wayarsa. Har yanzu a dandalin yake gini, kuma daidai ne. Manhajar Gwaggo ma ta dawo, yanzu da maɓallin sauke lissafi. Littafin dai ta ce ba za ta daina ba, ban kuma yi mata musu ba.

25/ In kana da aiki a wani dandali yanzu haka kuma ba ka da kwafinsa a wani wuri, kar ka kwanta yau sai ka sauke. In ka maƙale, ajiye tambayarka a ƙasa, zan amsa iya abin da na sani. Wanda ya riga ya ɗora nasa a fili ya sako mahaɗin mu gani. Allah Ya sa wa neman kowa albarka.