Sharhi: Ranar kasuwa, rezo ya ɗauke

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Cadawa a lokacin kakar aya ya san abin da muke faɗi. Rana na take tsaka, ciniki ya kankama, ana son jin farashin buhu a Maraɗi, sai salula ta ƙi shiga. Uwargida mai ƙuliƙuli ta ɗaga waya sama, dillali ya hau bayan mota, duk a banza. Haka abin yake a Agye, haka a Gazawa, haka a Gidan Rumji. Wani sai ya ce wayarsa ce ta tsufa. A'a, Alhaji, cunkoso ne.

Ƙarfen antene da kuke gani a bakin gari kamar fitilar ƙwai yake: haske ɗaya yake watsawa a kan kowa, har saman gonakin da babu mai kira. Zangon da yake aiki da shi kuwa ƙididdigagge ne. Mu ma'aikatan rediyo mun san zancen, don kowace tasha da nata zango. In mutum dubu suka taru ƙarƙashin antene guda, sai a yi ta raba musu lokaci da hanya har rabon kowa ya koma ba a bakin komai ba.

Masana sun samo dabara. Maimakon antene ɗaya, sai a jera ƙanana da yawa cikin akwati guda, wani lokaci har 64, a daidaita bugunsu yadda saƙon zai tattaru ya nufi waya ɗaya, kamar hasken tocila. Da haka mai kira daga rumfar hatsi da mai kira daga kara sai su yi amfani da zango guda a lokaci guda, ba wanda ya tare wa wani. Wannan dabara ita ce ƙashin bayan 5G, wadda Koriya ta Kudu ta buɗe a 2019, MTN kuma ta fara a Najeriya a 2022.

To amma a yi hattara. Akwatunan nan suna da tsada, suna shan wuta, kuma an fi kafa su a manyan birane. Waya mai tambarin 5G ba ta kawo antene garinku. Kada a kwashe jarin gyaɗa a zuba a kanta.

Kiranmu ga hukumar ARCEP da kamfanonin salula shi ne su zo su auna rezo a ranar kasuwa, ba ranar da gari ya watse ba. Inda kamfani ɗaya ya kafa ƙarfe, a bar sauran su rataya nasu kaya a jikinsa, a raba kuɗin gazuwal da na hasken rana, a ƙara wa kasuwannin kan titin Maraɗi zuwa Damagaram ƙarfin 4G. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata kuma su riƙa rubuta rana da sa'ar da rezo ya ɗauke, su kai wa hukuma a rubuce, da sa hannun shugabanninsu.